Mun ji akwai manufa, kai me ka bayar?

Wallahi wasu mutanen sai dai addu'a. Jiya a guruf ɗinmu na 'yan unguwa aka sako hoton Fasto Yohanna Buru, mai coci a Sabon Tasha a nan Kaduna, yana raba hatsi ga masu azumi. Ban ma gama kallo ba wani yayanmu ya rubuto wai "jama'a a yi hattara, akwai manufa." Sannu Yaya, mai gani har hanji! Daga Rigasa ka hango abin da ke cikin zuciyar mutum a Sabon Tasha, amma maƙwabcinka da ya yi buɗa baki da ruwa zalla ya ɓace maka.

To mun yarda akwai manufar. Kai me ka bayar?

Bawan Allahn nan ba bana ya fara ba. Shekara da shekaru, azumi na kamawa zai ɗauko buhunan hatsi ya kai wa Musulmi mabuƙata. Ranar Kirsimeti Musulmi su je cocinsa taya shi murna, lokacin Maulidi shi ma ya zo. In tarko ne, ai ya daɗe a ɗane, ku nuna mana wanda ya kama.

Wai don a ɗauke shi hoto yake yi. Madalla. Kai yi naka a ɓoye, mu dai mu ga hayaƙi na tashi a gidan marayun layinku. Wai kuma bai dace a yabi wanda ba Musulmi ba. Ni ba malami ba ne, amma aya ta 8 a Suratul Mumtahana tana nan, je ka sami malaminka ya fassara maka. Sannan ka dawo ka faɗa mana me ka bayar.

Ba wasa nake ba yanzu. Duk wanda ya ga rikicin addini na Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 a garin nan ya san yadda kogin Kaduna ya koma iyaka tsakanin Musulmi da Kirista. Mu kanmu daga Kakuri muka kwaso kaya muka tsallako gada, har yau Inna ba ta sake taka tsohon gidanmu ba. A irin wannan gari, mutum ya tsallako da buhu a maimakon adda, sannan abin da za ka saka masa da shi zargi ne? Fasto James Wuye hannunsa ya rasa a rikicin 1992, duk da haka ya zauna da Imam Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sulhu. Irin waɗannan tun suna raye ake karrama su, ba sai an kai su makwanci a fara zuba jawabi ba.

Af, tunda maganar bayarwa ake, Yaya, kuɗin gyaran taransifoma da aka yanka wa kowane gida wata uku ke nan, sunanka kaɗai ya rage a takardar. A cikin duhu nake wannan rubutun, caji saura kaɗan.