Starlink kaɗai ba zai kawo mana hoton hadari a kan lokaci ba

Tun da hotunan Meteosat-12, sabon tauraron ɗan'adam mai sa ido kan yanayi, suka fara saukowa, wata magana ke yawo a bakin masu sayo kayan ofis, tana kuma ba ni haushi. Wai farantin tauraron ɗan'adam da ke karɓo hotunan ya zama tsohon yayi, a sayo Starlink, intanet mai zuwa ta taurarin ɗan'adam, ko a jona 5G, magana ta ƙare. Mai faɗin haka bai taɓa ɗaukar biro ya lissafa yawan abin da ke saukowa ba.

Tauraron da ya gabata yana ɗaukar hoton Afirka duk minti 15, a zango 12 na haske, kowane ɗigo na hoton na wakiltar kilomita 3 a ƙasa. Wannan sabon, da hukumar EUMETSAT ta Turai ta harba a Disambar 2022, duk minti 10 yake ɗauka, a zango 16, ɗigon kuma ya koma kilomita 1 ko 2. Zagaye 96 a rana ya zama 144. Daga kilomita 3 zuwa 1 ninki tara ne, tunda tsawo da faɗi duka sun ƙanƙance. Ga kyamarar walƙiya, wadda a da babu ita.

Lissafin layi kuwa a megabit ake yin sa, kuma bit 8 ne bayit ɗaya, wurin da da yawa ke tuntuɓe. Megabit 1 a daƙiƙa, in bai tsaya ba, gigabayit 10.8 yake kawowa a kwana guda. A ɗauka zagaye ɗaya gigabayit 1 ne. Don a sauke shi kafin na gaba ya iso, ana bukatar megabit 13 a daƙiƙa. Amma hoton da ya cinye minti 10 a hanya ya kusa zama labari. In ana son sa cikin minti 2, sai megabit 67. Idan layi ya yanke na awa uku, zagaye 18 ne suka taru, kuma layin da aka yanka daidai wuya ba zai biya bashin ba alhali sababbi na shigowa.

Me ya kawo gaggawar? Manomi a Mai'adua ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa. Irin jerin hadarin nan mai iska kan yi wajen kilomita 50 a awa, tsakanin Daura da Katsina kuwa wajen kilomita 80 ne. Awa ɗaya da rabi ke nan, a cikinta za a ga hoto, a tantance, a sanar da filin jirgi da gidajen rediyo. Mutanen Jibiya ba su manta ambaliyar Yulin 2018 ba.

To, a nan ne masu waƙar Starlink ke ba ni mamaki. Siginarsa a zangon rediyo da ake kira Ku take, wadda mamakon ruwa ke raunanawa. Wato daidai lokacin da ake neman hoton ruwa, ruwan ne ke toshe hanyar. EUMETCast, watsin da ke kawo wa Afirka waɗannan bayanai, a zangon C yake, shi ya sa farantinsa ke da girma, mita biyu da wani abu zuwa sama, shi ya sa kuma ruwa bai cika damunsa ba. Layin kamfanin waya nasa ciwon daban ne: megabit 100 da aka rubuta a takarda rabawa ake yi da dukan unguwa, kuma da yamma, sa'ar da hadari ke haɗuwa, kowa na kan TikTok. Masu cewa wayar faiba ta wadatar su tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka katse, intanet ta durƙushe a Afirka ta Yamma.

Gaskiya ne abin da faranti ke kawowa zaɓaɓɓe ne, ba duka ba. Sai intanet ta cike giɓi, ba ta kori faranti ba.

Shi ma farantin yana son kulawa. Abin da aka watso wuta na ɗauke ya wuce, don haka sola da batir su riƙe na'urar karɓa dare da rana. Zangon 3.5 gigahaz da hukumar sadarwa ta NCC ta sayar don 5G a 2021 maƙwabcin zangon C ne. In an kafa turken 5G kusa, sai an sa matacin sigina a bakin faranti, in ba haka ba fayil zai riƙa zuwa da ramuka, a yi ta zargin kwamfuta.

Duk ofishi ko jami'a a Katsina da ke son waɗannan hotuna, ta sayi layi nata na kanta mai rubutaccen alkawari, da rarar aƙalla ninki biyu na bukatar yau. Kuma a daina jawo hoton rabin duniya. A yanko daga Sudan zuwa Sakkwato, a bar wa hukumar hasashen yanayi ta NiMet a Abuja sauran.