Tsangayar likitanci ta zo Garwa, to su wa za su koyar?

Tun da aka kafa Jami'ar Garwa a watan Janairun 2022 nake jin mutanenmu suna cewa shi ke nan, an share wa arewacin Kamaru hawaye. Ba na musu, an ci gaba. Ngaundere ta zama jami'a a 1993, Marwa ta samu tata a 2008, yanzu ga tsangayar likitanci a bakin kogin Binuwai. Yaron da a da sai ya kwana a jirgin ƙasa kafin ya ga Yawunde, yau yana iya karatun likita kusa da gida.

Amma jama'a, gini ba ya koyarwa. Abin da ke damuna shi ne, a cikin yaranmu da suka gama likitanci, da wuya ka ji wanda burinsa ya zama malamin likitoci. Kowa asibitin kansa yake hange, ko aikin ƙungiyoyin agaji, ko Faransa. Iyaye ma haka suke so, kuma ban ga laifinsu ba, wanda ya sayar da shanu ya yi wa ɗa karatun shekara 7 dole ya ƙagu ya ga amfanin. Hanyar koyarwa kuwa doguwa ce. Bayan digirin sai wasu shekaru na ƙwarewa a fanni ɗaya, sannan mutum ya fara a ƙaramin malami, yana duba marasa lafiya da safe, yana aji da rana, yana rubuta bincike da dare, har ya kai ga jarrabawar CAMES, wato majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda ake zama farfesa da ita. Kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba.

Duk da haka ku dubi Farfesa Gottlieb Monekosso. Shi ne ya fara shugabantar CUSS da aka buɗe a Yawunde a 1969, makarantar likitanci ta farko a Kamaru. Bai kwafo tsarin Turai ya ɗora mana ba. Ya haɗa masu koyon likitanci da masu koyon jinya a makaranta ɗaya, don su saba aiki tare tun suna ɗalibai, kuma ana tura su karkara su ga ciwon da ke kashe talaka a inda yake kashe shi. Daga baya ya shugabanci Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka daga 1985 zuwa 1995, ya kuma yi ministan lafiya. Ni a ganina aikin CUSS ya fi waɗannan kujeru duka, domin ɗaliban da ya yaye su ne suka koyar da likitocin da ke duba mu yau.

Irin wannan shugaban muke buƙata a Garwa: wanda ya san kwalarar damina a Arewa Mai Nisa, da sanƙarau na lokacin zafi, da macen da naƙuda ta tsananta mata a kan babur tsakanin ƙauye da Mokolo. Malamin da ya zo daga kudu ya yi mako biyu ya koma, Allah ya saka masa, amma ba shi zai zauna ya raini ɗalibi ba.

Sannan maganar buɗe ƙofar jami'a ba a bakin jami'a take farawa ba. Tun 2013 jarrabawa ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya ake shiga likitanci da ita. Yarinyar da ta yi bak ɗin kimiyya, wato jarrabawar gama sakandare, a lise (babbar sakandare) da ba ta taɓa ganin ɗakin gwaji ba, ita ce za ta kara da ɗan Duwala. Wasu ma tun a firamare aka bar su a baya, saboda rashin takardar haihuwa. Shugaban tsangaya na ƙwarai zai tura ɗalibansa su shiga lise-lise na Gidar da Mora da Yagwa lokacin hutu, su shirya ƙannensu don wannan jarrabawar shiga likitanci. Attajiranmu na Garwa da Marwa kuma, ku ɗauki nauyin likita ɗaya ya yi ƙwarewa, da sharaɗin ya dawo ya koyar a nan.