Bibury da na sani ba ta cikin hotunanku

Jiya na ga wata 'yar'uwa ta sa hotunanta a Bibury, wani ƙauye a Ingila, tana tsaye gaban jerin gidajen nan na Arlington Row ta rubuta wai kamar a mafarki. Ban ga laifinta ba wallahi, wurin akwai kyau, amma sai da raina ya sosu, don ni can ne garin kakata wadda ta haifi mamanmu, kuma abin da ake ɗauka a waya yanzu ɓawo ne kawai.

Muna yara duk shekarar da hali ya yi Baba kan tura mu hutu daga Kano. Daga tashar Paddington a Landan mu hau jirgin ƙasa mu sauka a Kemble, sai an zo da mota an ɗauke mu, don tun 1964 aka rufe layin da ke kaiwa Cirencester, garin da ke kusa da Bibury, kuma kaka har ta rasu ba ta daina mitar wannan ba.

Baturiya ce, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba, amma da Baba ya gaya mata wasan da ke tsakanin kaka da jika sai ta riƙe, da na shigo ta buɗe hannu ta ce kishiya, da wannan harshen nata da ba ya lanƙwasuwa. Ranar da za mu zo take kwashe duk wani naman alade daga gidan, ba wanda ya roƙe ta. Kifi take sayo mana daga gonar kifin garin, wadda tun 1902 take nan. Ƙarfe tara na dare rana ba ta faɗi ba, ita ce za ta leƙa taga ta ce wa Yaya magariba ta yi.

Ita ta nuna min cewa gidajen nan da ake rububi ma'ajiyar ulu ce tun wajen 1380, daga baya masaƙa suka zauna ciki, talakawa masu cin guminsu, kuma fadamar da ke gabansu nan ake shanya yadi. Mu bi 'yar hanya ta tsakiyar gonar mutane, tumaki na kallonmu, mai gona ba shi da ikon hana ka wucewa, kamar dai burtali. Katangun dutse ne zalla ba siminti. Akwai wani ganye mai ƙaiƙayi da ya taɓa kama min ƙafa a bakin kogin Coln, ina kuka ta tsinko wani faffaɗan ganye a gefensa ta murza min, har yau ina jin sanyin hannunta.

Na koma bayan rasuwarta. Manyan bas sun cika hanya, mutane na leƙa tagogin gidaje kamar ba kowa a ciki, gidaje sun yi tsadar da 'ya'yan garin da yawa sai dai su koma birni. Ni dai a ganina garin da jika ba zai iya zama kusa da kabarin kakarsa ba an cuce shi, ko da furanni sun rufe bango. Na tsaya ƙofar gidanta an sake fenti, na daɗe ina kallon wurin da ake ajiye mata kwalbar madara da asuba, ban ƙwanƙwasa ba.