Dillali da cin tudu biyu

Makon jiya na raka ƙanina neman gidan haya a Kubwa. Ɗaki biyu da falo, naira miliyan 2 da rabi a shekara. La'adar dillali kashi 10 cikin 100, ga kuɗin lauya, ga dubu 5 ta ganin gida da muka biya tun ba mu taka ƙofar ba. Wannan duk mun saba, haka Abuja take.

Ƙanina ya ce wa dillalin, "Alhaji, ka roƙar mana mai gida ya sassauta." Ya dafa ƙirji, wai ai shi namu ne. Ranar karɓar makulli muka haɗu da mai gidan, wani dattijo, cikin hira ya ce shi miliyan 2 ya yanka, kuma ya sallami dillalin da nasa kason. Wato ya ɗora dubu 500, ya ci la'ada a hannunmu, ya ci a hannun Baba.

Ni ban ce dillanci haramun ba ne, a kara ma ana biyan la'ada kowa na gani. Amma wanda ladansa ke ƙaruwa idan farashi ya hau, ta yaya zai yi maka ciniki tsakani da Allah? Mai gida na son tsada, kai kana son rangwame, shi kuwa ya riƙe sirrin kowa. Taura biyu ba ta taunuwa. Kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

A Amurka, jihohi irin su Kolorado da Fulorida sun hana dillali zama wakilin mai saye da mai sayarwa lokaci guda. A 2024 ƙungiyar dillalan gidajen ƙasar ta amince ta biya dala miliyan 418 kan ƙarar da aka kai ta kotu game da la'ada, kuma tun watan Agustan shekarar sai an rubuta abin da dillalin mai saye zai karɓa kafin ya nuna masa gida. Mu ma muna da ESVARBON, hukumar da ke yi wa ƙwararrun harkar gidaje da filaye rajista, tun 1975, sai dai masu zama a gindin bishiya da tarin makullai ba su san da zamanta ba.

Idan dole mutum ɗaya ne zai tsaya a tsakiya, to ya haɗa mu da mai gida ido da ido, a faɗi farashi, a rubuta wanda zai biya la'ada da nawa.

Ƙanina dai ya tare ranar Asabar. Alhaji kuwa har yau ba ya ɗaga waya.