Tallafin da ya zo wa Sudan a makare

Wani labari da na karanta ya ce ƙasashen duniya sun tsaya wa Sudan bayan faɗuwar Omar al-Bashir a 2019, sojoji ne kaɗai suka ɓata lamarin. Laifin Janar Burhan, shugaban sojojin ƙasar, da Hemeti, jagoran dakarun RSF, ba ya ɓuya, amma an tsallake rabin zancen. Abdalla Hamdok, firaministan gwamnatin riƙon ƙwarya, ya tarar da baitulmali wayam, ga bashin da ya haura dala biliyan 50. Sai a Disamban 2020 Amurka ta cire Sudan daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci, shi ma sai da Sudan ta yarda za ta biya diyyar dala miliyan 335. Asusun ba da lamuni na duniya, IMF, kuma ya nemi a janye tallafin mai, a karya darajar kuɗin ƙasar. Aka yi, hauhawar farashi ta wuce kashi 300 cikin ɗari a 2021, mutane na kwana a layin burodi. Ga mai cewa dimokuraɗiyya ba ta karɓe mu ba, ai waɗannan talakawan ne suka fito bayan juyin mulkin da sojoji suka yi wa Hamdok ranar 25 ga Oktoban 2021, ana harbinsu ba su koma gida ba. Me ya sa aka matse Hamdok, aka yi sako-sako da kamfanonin soja da zinaren da ake fitarwa Dubai?