Fim ɗin Nijar ba kamara ya rasa ba

Tun da kamfanin Google ya fito da Veo 3 a watan Mayun 2025, manhajar da ake rubuta wa jimla biyu ta haɗo bidiyo na daƙiƙa 8 har da murya da kukan iska, wata magana ta samu gindin zama a Yamai. Ana yin ta a fada wajen shayi, ana yin ta a tarukan horar da matasa, har masu kiran kansu masana suna maimaita ta a gidajen rediyo. Wai zamanin kamara ya wuce, wai yaro a Tawa da wayarsa ya kamo ƙafar Hollywood, wai ƙirƙirarriyar basira ce za ta tashi fim ɗin Nijar daga dogon barcinsa. Maganar nan tana ci mini rai, don daɗinta a kunne shi ke ba masu alhakin harkar damar naɗe hannu.

Ba na musun abin da na'urorin ke iyawa. Lokacin da kamfanin OpenAI ya nuna tasa manhajar haɗa bidiyo, Sora, a Fabrairun 2024, Tyler Perry, mai shirya finafinai a Amurka, ya dakatar da aikin faɗaɗa masana'antarsa ta fim a Atlanta, aikin dalar Amurka miliyan 800. A Satumban shekarar kamfanin finafinai na Lionsgate ya ƙulla yarjejeniya da Runway, kamfanin da ke ƙera irin wannan manhaja, domin a koya wa na'ura aiki da tarin finafinansa. Netflix ya ce wurin da bene ya rushe a shirin El Eternauta na Ajantina da irin wannan fasaha aka haɗa shi, cikin sauri ninki goma. A China ma akwai irin wannan manhaja, Kling. Kullum abin gaba yake yi: jiya hoto ne marar sauti, yau yana magana, yanzu kuma kamfanonin suna rige-rigen riƙe fuskar mutum ɗaya daga fitowa zuwa fitowa ba tare da hancinsa ya sauya ba. Amma a duba waɗanda suka ci moriyar. Dukansu suna da marubuta, da ma'ajiyar finafinai ta shekaru aru-aru, da masu kallo da ke biyan kuɗi kowane wata. Na'ura ta rage musu tsadar abin da dama suke yi ne.

Mu fa? Babban tsarin da Google ya fara sayar da Veo 3 a cikinsa dalar Amurka 250 ne a wata, sama da jika 130 na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi jika 42 ne. Akwai masu rahusa, amma ko wanne sai da katin banki, sai da intanet mai ƙarfi, sai da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar aiki a watan Afrilu. Kuma ba a samun abin da ake so a gwaji ɗaya: ka rubuta, ta fito da mutum mai hannu a karkace, ka sake, ta canza masa riga, ka sake, kuɗinka na tafiya. Mai cewa fim ya zama kyauta bai taɓa zama ya haɗa minti biyar masu ma'ana ba.

Kuɗin ma ba su ne suka fi damuna ba. Na'urar nan ba ta san mu ba. Abin da aka ciyar da ita shi take fitarwa, hotunanmu kuwa ba su taka kara sun karya ba cikin abin da ta ci. A ce mata ta nuna filin kokuwa a Tawa ranar gasar takobi, a gani. Za ta ba da ƙato mai ƙirji kamar ɗan dambe na Amurka, yana tsaye cikin yashi mai kyalli. Ina layu da guraye a damtse, ina makaɗi da ke bin ɗan kokuwa yana zuga shi da sunan garinsu, ina ɗan lokacin nan da su biyun ke duƙawa suna taɓa ƙasa, kowa na auna kowa, fili ya yi tsit kafin a kama? Rawanin Ba'adare da na Buzu duk ɗaya ne a wurinta. Abin takaici, yaran da ke haɗa waɗannan bidiyoyi sun fara karɓar wannan hoto a matsayin kamanninmu, suna ɗora shi a TikTok da sunan tarihi. Na ji masu cewa da na'ura za su yi labarin Sarauniya Mangu. Med Hondo ya yi shi a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, da mutane da dawakai, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1987. Wanda bai taka Lugu, garin Sarauniya, ba, bai zauna da tsofaffin Azna ba, bai san yadda aka yi da sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a 1899 ba, manhaja ba za ta ba shi abin da bai nema ba. Sarauniyar wata ƙasa za ta zana masa, da kambin zinariya a ka.

Masu wannan da'awa sun manta ko wane ne mu a tarihin silima. Oumarou Ganda ne ya fara ɗaukar kyautar Yennenga, wato babbar kyautar FESPACO, a Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane, makanike ne tun farko, a 1966 ya fito da Bon voyage Sim, zanen kwaɗi masu mulki da ya yi da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, lokacin da zane mai motsi baƙon abu ne a nahiyar nan. Ya koma Tawa da zama, ya mai da wani sashe na otal ɗinsa wurin aiki, yana haɗa ƴan tsana, har ya yi Kokoa inda dabbobi ke kokuwa irin tamu. Da kwamfuta ta zo bai guje ta ba, ya koye ta da furfurarsa kafin rasuwarsa a 2015. Mutumin da ya fi kowa ƙarancin kayan aiki shi ya kai sunan ƙasar nan duniya, domin ya san abin da yake son faɗi da mutanen da yake faɗa wa. Haka Aïcha Macky, da ta shiga unguwar Kara-Kara a Damagaram ta zauna da samarin palais, wato ƙungiyoyin ƴan daba, har suka yarda da ita, ta fito da fim ɗin Zinder a 2021. Wace manhaja ce za ta samo wannan yarda?

Abin da ya durƙusar da fim ɗinmu kowa ya san shi. Gidajen silima sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Mai shirya fim ya sayar da filinsa ya yi aiki, kwana biyu sai ya tarar da shi a shagon masu turi ana zuba wa mutane a waya kan dala ashirin ta sefa, ko sisi bai shigo aljihunsa ba. Kasuwar kallo ta koma hannun Kano da fassarar finafinan Indiya. A bar duk wannan a ce kamara ce matsala, an bar jaki ana dukan taiki. Ko gobe na'ura ta haɗa fim na awa biyu a kyauta, a shagon turin nan zai ƙare.

Akwai masu cewa a haramta abin baki ɗaya. Waɗannan ba su san cewa ya riga ya shiga wayar ƴaƴansu ba. Haɗarin da ya kamata a tsaya a kai daban ne. Mun ga bidiyoyin ƙarya na manyan mawaƙan Amurka suna yabon Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso, mutane da yawa suka ɗauka gaskiya ne. Ƴan wasan Hollywood sun yi yajin aiki na kwana 118 a 2023, cikin buƙatunsu har da kada a kwafi fuska da muryar mutum ba da izninsa ba, kuma ƙungiyarsu ta yi tir da Tilly Norwood, ƴar wasan da kwamfuta ta ƙera a 2025. Ɗan wasanmu da ake sallama da kuɗin taksi, ba takarda ba sa hannu, wa zai tsaya masa ranar da aka ɗauki fuskarsa aka sa ta tallar maganin basir ko zagin wani ɗan siyasa?

Don haka hukumar finafinai ta CNCN da ofishin kare haƙƙin mallaka na BNDA su daina barin masu tallar manhaja suna yi musu magana. A nemo finafinan Ganda da Alassane da Djingarey Maïga duk inda suke, a gyara su, a nuna wa yaran lakwal. A sa doka kan fuska da murya. A sa masu turi su biya. Matashin da ke son amfani da na'ura wajen gyaran sauti, ko zana fitowa kafin a ɗauka, ko haɗa gobarar da ba zai iya kunnawa da gaske ba, ya yi, Allah ya taimaka. Amma duk jami'in da ya sake hawa mumbari ya ce basirar na'ura ta warware matsalar fim a Nijar, a tambaye shi gidan silima nawa ke aiki a Tawa, da nawa aka ware wa masu shirya fim a kasafin bana.