Wai in kai motar Baba wajen 'yan gwangwan

Wallahi yau an ɓata min rai, har yanzu ban iya cin abinci ba. Sati bakwai kenan Land Rover ɗin da marigayi Baba ya bar mana, Series III 'yar 1978, tana ɗage kan bulo a garejin wani bakanike saboda aksil ɗin gaba kawai. Motar da ke shigar da mu gona da damina inda ko akori-kura bata isa ta leƙa ba. Ciwonta fa sananne ne, ƙwallon ƙarfen nan da tayar gaba ke juyawa a kansa ya yi tsatsa ya cinye oyil sil, man giya na tsiyaya har cikin birki, boris na kuka, sitiyari na kaɗawa kamar mai zazzaɓi. Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa kwana uku na haɗo boris da sil da bush, kuɗin duk na cikin buhunan masarar da na sayar.

Yau na je, na tarar da yaronsa tsugune da guduma da cizal yana dukan notin hob, wato cibiyar taya, notin da sifana mai lamba 52 ce ke kwance shi cikin ruwan sanyi, duk ya farfashe masa baki. Sabbin boris ɗina kuwa suna zube cikin yashi, ko leda ba a shimfiɗa musu ba. Nace Oga ina 'yan siraran washan nan da ake jerawa a ƙarƙashin fin ɗin sama na ƙwallon ƙarfen, ai da su ake saita taurin sitiyari? Yana kishingiɗe kan benci yana latsa waya, ko ɗagowa bai yi ba yace sun ɓata, amma an yanko gwangwanin madara an sa, ai duk ɗaya ne. Gwangwanin madara! A motar da zan ɗora iyalina! Nace haba Oga, haka muka yi da kai? Sai a lokacin ya ɗago, ya kalle ni tun daga hula har takalmi, ya tofar da tsinken sakace yace "Alhaji ni fa taimakonka nake, wannan akwalar in nine kai 'yan gwangwan zan kira su auna ta a kilo." Yaransa suka kwashe da dariya. To madalla, injiniya, na gode da taimako, da man giyar da ka caje ni sau biyu, da batirina da ya yi ƙafa a garejinka bara.

Amma shi ma laifinsa kaɗan ne. Ƙasar da a da ake haɗa Land Rover a Ibadan, Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauchi, yau washa ɗin da bai kai kaurin farce ba sai an jira kwantena, mai shago na lissafa maka dala kamar a Landan ya buɗe. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta tun ina firamare ake cewa an kusa gamawa, ga furfura ta cika min gemu. Makarantun koyon sana'a sun zama kango, yaro ya yi wata shida yana miƙa sifana sai ya buɗe gareji, ba mai tambayarsa takarda. An cire tallafin mai a 2023 an ce za a gyara hanyoyi, hanyar ƙauyenmu har yau sai mota mai jan ƙafa huɗu, ita ɗin kuma gata can kan bulo, ga hadari ya fara haɗuwa, taki na jibge a zaure.